Tambaya da Amsa: Bindigata ta daina riƙe saiti tun shigowar hunturu

TAMBAYA: Salam Malam, daga wani ƙauye kusa da Ringim nake rubuto maka. Ina da bindigar iska irin mai karyawa ɗin nan, mai cin dalma milimita 4.5, takarda nake harbi a bayan gona daga mita 10 zuwa 20. Da damina dalma biyar waje ɗaya suke taruwa, murfin kwalba ma ya rufe su, amma tunda sanyi ya shigo sai watsewa, wannan sama wancan gefe. Wani abokina yace in ɗaure notikan jikinta da iya ƙarfina, dan Allah in yi?

AMSA: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Abokin naka ya gano inda ciwon yake amma maganinsa zai iya kashe maka bindiga, kar ka yi.

Ka duba ƙofar katako ta ɗakinka, da damina sai ka sa kafaɗa take rufuwa, da hunturu kuwa har haske kake hangowa ta gefenta. To ƙotar bindigarka ma itace ce, ta sha danshi ta kumbura, yanzu iska ta busar da ita ta tsuke, notikan da suka haɗa ƙarfen da itacen suka samu sarari. Ga shi kuma irin taka mai sifirin ce a ciki, duk harbi sai ta girgiza gaba da baya, wannan girgizar kaɗai tana kwance noti ko ba hunturu. In ƙarfe yana motsi cikin ƙota ko da kaurin gashi ne, kowane harbi daga mazauni daban yake fita, kaga ba laifin idonka bane.

Yawancinsu noti biyu ne a gaba, hagu da dama, sai na wajen kunama. Fara tabbatar ba dalma a ciki kuma ba a ɗana take ba. Sassauta su duka, ka tsayar da ita kan gindinta ƙarfen ya zauna, sannan ka ɗaure na gaba bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, yadda bakanike yake ɗaure taya, na wajen kunama daga baya. In zaka samu sukundireba mai awon ƙarfi wallahi ta cancanci kuɗinta, ka fara daga wajen Nm 2 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), wato kusan inci-fam 18, ƙotar itace bata son wuce haka da yawa. Adadin inci-fam 60 zuwa 65 da zaka ji ana faɗa a intanet na manyan bindigogin gasa ne masu gadon alminiyom, in ka gwada shi a itace zaka murƙushe itacen ko tiredin noti ya cinye, ni na taɓa ganin ƙota ta tsage tun daga ramin noti saboda irin wannan ƙarfin hali, abin ya bani takaici sosai.

Inda mutane suke gajen haƙuri shine gwajin. Harba biyar, rubuta awon a jikin takardar, ƙara ɗauri ɗan kaɗan, sabuwar takarda, biyar kuma, dalma iri ɗaya, nisa ɗaya, riƙo ɗaya mara matsewa, kuma da sassafe kafin iska ta taso. Kar ka taɓa saitin madubi a tsakani, taruwar dalma muke nema tukuna, kai ta tsakiya abu ne mai sauƙi daga baya. Zaka ga sun matso sun matso sai kuma su fara buɗewa, to koma wanda ya gabata. In babu mai awon, ɗiga fenti a kan noti da jikin itacen, kana ganin layin ya goce ka san ya kwance. Ɗigon Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ake sa wa noti, yana riƙe shi, banda ja.

Baka ambaci lasisi ba, a dokar Najeriya bindigar iska ma tana buƙatar izinin 'yan sanda. Kuma dan Allah bayan takardarka ya zama tudun ƙasa, yanzu an yi girbi yara da dabbobi ko'ina suke ratsawa. In ruwa ya sauka itacen zai sake kumbura, sai ka sassauta ka maimaita gwajin, ka rubuto mana awon da ya karɓe ta.