Furannin da na sayo suna yaushi, alhali kullum ina ba su ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Yamai ce. Sati biyu ke nan da na sayo shuke-shuken ado uku wurin masu lambu na bakin kogi: alobera, moda, da wani mai yaɗo da suka ce sunansa potos. Ban taɓa rainon fure ba. Saboda zafin nan, safe da yamma nake ba su ruwa, amma ganyen potos yana ta zama rawaya yana yaushi, gindin alobera kuma ya yi laushi. Me na rage musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ba ki rage musu komai ba, ruwan ne ya yi musu yawa. Kuma ban ga laifinki ba: wanda ya san bazarar Yamai, inda zafi kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, dole hannunsa ya riƙa kai wa buta. Sai dai saiwa tana shaƙar iska. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf dare da rana, iskar da ke cikinta ta fita, saiwar sai ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya jan ruwa. Daga nan ganye ya yi yaushi tamkar mai ƙishi, mai fure ta ga haka ta ƙara ruwa. Wannan ne ke kashe yawancin furannin da ake kawo mini ƙorafinsu, ya fi rana ɓarna nesa ba kusa ba.

Ki daina bin agogo, ki bi yatsanki. Ki tura shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ki bari sai gobe. In ta bushe, ki zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasan tukunyar, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti, don ban da ruɓar da saiwa, kwantaccen ruwa gidan sauro ne. Potos yana son saman ƙasarsa ya bushe kafin a sake ba shi. Alobera da moda kuwa a ganyensu suke ajiye ruwa, sai ƙasar ta bushe ƙayau ake shayar da su, kuma a damina ko lokacin ɗari suna iya yin sati biyu ko fiye ba su buƙaci ɗigo ba. Ba da ruwan da sassafe ya fi. Ki guji ruwan pampo na tsakar rana wanda ya yi zafi cikin bututu, da ruwan wanki mai omo ko jabel.

Alobera ɗin ce ta fi damuna, kada ki kai gobe. Ki zare ta daga ƙasar, ki karkaɗe, ki yanke duk saiwar da ta yi baƙi ko take wari da wuƙa mai tsabta. Ki ajiye ta a inuwa kwana 2 zuwa 3 wurin yankan ya bushe, sannan ki dasa a busasshiyar ƙasa mai yashi, ki jira kamar sati guda kafin ruwan farko. In ruɓar ta kai tsakiyar gindi, uwar ta tafi, sai ki ɓalle ƴaƴan da ke gefe ki dasa su. Potos ya fi sauƙi: ki yanko reshe mai gaɓa biyu ko uku ki sa a kwalbar ruwa, kina canza ruwan bayan kwana 3, zai fitar da sabuwar saiwa cikin ƴan makonni.

Da a ce lafiyarsu lau, da cewa zan yi ki bar su cikin baƙar ledar da suka zo da ita sati biyu zuwa uku. Sabon fure kamar amarya yake, sai ya saba da gida kafin a ɗora masa hidima. Ya taso a inuwa da raɓar bakin kogi, yanzu ga shi tsakanin bangon siminti. Ko ganye ɗaya ko biyu sun zube a wannan tsakanin, ba abin tsoro ba ne.

In lokacin dashe ya yi, ni tukunyar ƙasa nake zaɓa, irin wadda matan Bubon, wani gari kusa da Yamai, ke ginawa, domin tana tsotse rarar danshi kuma ba ta gasa saiwa kamar baƙar roba a rana. Sharaɗi ɗaya: a huda gindinta. Kada ta fi ledar girma da yawa. Ƙasar lambun bakin kogi takan yi laka, in ta bushe ta daskare, don haka ki gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin tumaki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Takin zamani ki bar shi tukuna, shuka mai ciwon saiwa ba ta iya cin sa.

Wurin ajiya: potos da moda suna son haske ba tare da rana ta doke su ba, kusa da taga ko ƙarƙashin rumfa. Alobera tana son ranar safe, amma a saba mata a hankali. Dukansu ki nisanta su da bakin na'urar sanyaya ɗaki. In hunturu ya shigo, ƙura takan rufe ganye ta tare haske, sai ki riƙa goge su da jiƙaƙƙen tsumma, kina leƙa bayan ganyen. In kin ga wasu fararen ƙwari kamar auduga, ki wanke su da ruwan sabulu mara ƙarfi, ki maimaita bayan sati.

In akwai ƙananan yara a gidan, ki rataye potos sama inda hannunsu ba ya kaiwa, domin ganyensa yana ƙona baki da maƙogwaro idan aka tauna. Haka ma kariya, mai jan furen nan da ake sayarwa ko'ina a gari: ruwan jikinta dafi ne, in kin saye ta nan gaba ki wanke hannu duk lokacin da kika yanke ta.