Amsa: Da gaske an soke sharaɗin awa 150 na lasisin akanta a Amurka?

Malama, kin ce ɗanki na dab da kammala digirin akanta a Amurka, kuma kuna so ku san ko dole ne ya ƙara shekara guda kafin ya samu lasisin CPA, wato lasisin ƙwararren akanta.

Ba a soke shi ba, wata hanya aka buɗe a gefensa. Digirin farko awa 120 ne na darussa a ma'aunin jami'a (credit hours), wato karatun shekara huɗu, amma jihohi sun daɗe suna neman 150, wato shekara ta biyar da kuɗin makaranta mai tsada, ga albashin da aka jinkirta. Matasa da yawa suka guji aikin, kamfanoni suka rasa ma'aikata. Shi ya sa a 2025 ƙungiyar akantocin Amurka (AICPA) da ƙungiyar hukumomin akantoci na jihohi (NASBA) suka amince da digirin farko tare da aikin shekara 2 maimakon shekara 1 da ake nema daga mai awa 150. Jihar Ohayo na cikin na farko, dokarta ta fara aiki a Janairun 2026. Ni dai na ga alheri a wannan gyara, domin ɗan talaka ne ya fi shan wahalar shekara ta biyar.

Amma a kula. Jarrabawar CPA na nan daram, mai sassa 4, ba a sassauta ta ba. Kuma jiha ce ke ba da lasisi, ba gwamnatin tarayya ba, kowace da ranar da dokarta za ta fara aiki. Kafin ya fasa karatun ƙarin, ya rubuta wa hukumar akantoci ta jihar da zai yi aiki, ya karɓi amsa a rubuce.