Shin ya halatta mu bi dokar kashe lasifikar masallaci da dare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ladani ne a masallacin unguwa. Mai unguwa da dattawa sun kafa doka cewa daga ƙarfe goma na dare ba kiɗan biki, ba injin niƙa, kuma ba a kunna lasifikar waje sai don kiran salla. Mu kuwa mun saba sa karatun Alƙur'ani tun ƙarfe uku na dare. Matasanmu sun ce bin dokar daidaita Alƙur'ani da kiɗa ne, kuma ba a biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ku bi dokar. Ƙa'idar da matasan suka kawo gaskiya ce, sai dai ba nan ne muhallinta ba. Ba wanda ya hana ku karatu ko salla. Ƙarar na'ura aka taƙaita, ita kuwa lasifika ba ibada ba ce, kayan aiki ce.

Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya ce kowannenku yana ganawa ne da Ubangijinsa, kada sashenku ya cutar da sashe, kada ku ɗaga murya a kan juna wajen karatu. Imamu Malik ma ya kawo makamancinsa a Muwaɗɗa. Ka lura, Alƙur'ani suke karantawa, a masallacinsa, da muryar da Allah ya hore musu, amma ya kira abin cutarwa. To ina ga ƙaho huɗu a kan hasumiya, ɗaya na kallon tagar tsohuwa mai hawan jini, ɗaya na kallon ɗakin mai jego da ta kwana rarrashin jariri? A goman ƙarshe na azumi ma mun sha ji, masallatai uku a layi guda, mace tana salla a ɗakinta ta rasa ayar da ta tsaya, wani mamun kuma ya yi ruku'u da kabbarar limamin makwabta.

A Sahihu Muslim, Miƙdad ya ce idan Annabi (SAW) ya shigo da dare yakan yi sallama yadda ba za ta tayar da mai barci ba, amma na farke ya ji. Sallama ke nan, wadda aka umarce mu mu yaɗa.

Game da ikon mai unguwa, aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta umarce mu da biyayya ga majiɓinta al'amari, kuma malamai sun tafi a kan cewa shugaba yana iya taƙaita abin da yake halal don kawar da cuta, bisa hadisin "babu cuta, babu cutarwa". Ba baƙon abu ba ne: a 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta ce kada ƙarar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin na'urar. A Najeriya kuma hukumar NESREA, mai kula da dokokin muhalli, tana da ƙa'idojin kayyade ƙara tun 2009.

Kiran salla daban ne, an so a ɗaga murya da shi, ga shi kuma dokarku ta ware shi. Da ta hana shi, da amsata ta canza.

Nawa gyaran ga dattawan shi ne kada su matsa wa masallaci su kau da kai daga gidan bikin mai kuɗi ko janaretan da aka jingina da katangar makwabci. Kai kuma ka sa ƙaramar sifika a ciki don masu tahajjud, ka juyar da ƙahon nan daga tagogin mutane.

Wallahu a'alam.