Kafin ka ƙara kuɗi a kan hom tiyata, fara duba saitinta

*Assalamu alaikum. Ina da amfilifayar Denon mai lasifika biyar da wufa ɗaya, wato lasifikar sauti mai kauri. Idan muna kallon fim ba ma jin maganar 'yan wasa sai na ƙure murya, da an yi harbi kuwa sai gidan duk ya ɗauka, yara su farka. Mai shago ya ce lasifikun ne suka yi ƙanƙanta, in cika kuɗi ya ba ni manya. In saya? Daga wani magidanci a Zariya.*

Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Manyan lasifiku za su ƙara maka rugugi ne kawai, maganar kuma tana nan a dushe.

A fim mai sautin 5.1, wato na lasifika biyar da wufa ɗaya, kusan duk maganar 'yan wasa ta lasifikar tsakiya take fitowa. Je ka duba inda ka ajiye ta. A gidaje da yawa za ka same ta can cikin durowar ƙasan talabijin, an tura ta ciki, wani lokacin ma da gilashi a gabanta. Fito da ita bakin durowar, ka ɗan ɗaga gabanta ta fuskanci kunnen wanda ke zaune a kujera. Wannan kaɗai yakan rage rabin matsalar.

Sai ka nemo ƙaramin makirufon da ya zo cikin kwalin amfilifayar. Denon da Marantz suna auna ɗaki da tsarin Audyssey, Yamaha kuma nata YPAO ne. Ka kafa makirufon daidai tsayin kunnenka a wurin da kake zama, kada ka riƙe shi a hannu. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka kuma zaɓi lokacin da akwai wutar NEPA, domin ƙarar janareta, naka ko na maƙwabci, tana shiga awon ta ɓata shi. Injin zai yi ta fitar da ƙara ta kowace lasifika, ya auna nisanta da ƙarfinta.

Idan ya gama, kada ka amince da komai ido rufe. Shiga saitin lasifiku, duk wadda ya rubuta wa Large ka mayar da ita Small, ka sa crossover, wato iyakar raba sauti tsakanin lasifiku da wufa, a 80 Hz. Idan lasifikunka 'yan mitsi-mitsi ne, kai shi 100 ko 120. Ma'anarsa, duk sauti mai kauri ya koma wa wufa, wadda don shi aka yi ta, sauran su huta su fitar da magana tas. Na san mutane ba sa son ganin an kira lasifikarsu ƙarama bayan sun zuba kuɗi, amma wannan saiti rabon aiki ne kawai. Daga nan ƙara wa lasifikar tsakiya ƙarfin sauti da 2 ko 3 dB.

Batun farkawar yara kuwa, an haɗa sautin fim ne don zauren silima, inda ake barin tazara mai yawa tsakanin raɗa da fashewar bam. Kunna Dynamic Volume, ka fara da Light, in bai isa ba ka koma Medium. Zai ɗaga raɗar ya danne rugugin. In falonka tayil ne ba kafet, shimfiɗa darduma mai kauri tsakanin kujera da talabijin, ka sa labule masu nauyi, don amsa-kuwwar ɗaki ma tana cinye magana.

*Na haɗa dikoda da na'urar wasan yara ta cikin amfilifaya zuwa sabon talabijin 4K, amma hoton bai kai yadda na gani a shago ba, kuma murya tana riga baki. An ce in sayi wayar HDMI mai bakin zinare. Daga wata uwargida a Kaduna.*

Hajiya, zinaren ba ya ƙara wa hoto komai. Waya mai shaidar Premium High Speed tana ɗaukar 18 Gbps, ta wadatar da 4K da HDR, tsarin da ke ƙara wa hoto haske da launi. Sai in yaran na da PlayStation 5 suna son 4K a 120 Hz ne za ki nemi Ultra High Speed mai 48 Gbps.

Abin da ya fi yawan faruwa shi ne ƙofar HDMI tana kan saitin da ya zo daga kamfani. A Denon ki nemi 4K Signal Format ki mayar da shi Enhanced. A talabijin ma akwai irinsa: Samsung na kiransa Input Signal Plus, LG kuma HDMI Ultra HD Deep Colour. Ki kashe duk wani gyaran hoto na cikin amfilifaya, ki bar talabijin ya yi aikinsa. Hoton shago kuwa, a saitin hoto na Vivid suke sa shi don ya ja ido a ƙarƙashin fitilu masu haske. A gida Movie ko Cinema ya fi nuna launin fata na gaskiya, ko da a kwana biyun farko za ki ga kamar ya yi duhu.

Murya tana riga baki ne saboda talabijin na ɗaukar lokaci yana sarrafa hoto. Ki shiga Audio Delay ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kina kallon bakin mai karanta labarai har su daidaita. Idan amfilifayar tsohuwa ce marar HDCP 2.2, wato tsarin kariyar kwafi na hoton 4K, ki jona komai kai tsaye a talabijin, ki dawo da sauti ta ƙofar da aka rubuta wa ARC.

*Na ga amfilifayar Yamaha ta gwanjo daga Amurka da araha. Akwai matsala? Daga wani ɗalibi a Kano.*

Juya bayanta ka karanta. Kayan Amurka na 120V ne, wutarmu kuma 230V, in ka jona kai tsaye ta ƙone nan take. Sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce wat ɗin da aka rubuta a bayan injin sosai, don haka haɗa kuɗinta a lissafi. Wadda ta fito daga Ingila ko Jamus ba ta da wannan wahalar. Kafin ka biya, sa mai shago ya kunna Test Tone ka ji kowace lasifika ɗaya bayan ɗaya, a gwada duk ƙofofin HDMI, ka kuma tabbatar akwai rimot da makirufon awo. In babu makirufon, nemi ragi, domin sai ka saita nisan kowace lasifika da kanka da tef ɗin awo.