Tambayoyinku: kyan hoto a waya yake ko a hannun mai ɗauka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Satin nan kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan hoto ne, ina ga don an gama girbi ne, an sayar da riɗi an shiga sa ranar biki, kowa na son ya fito fes. To bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki, ni daga wani ƙauye nake a gefen Ringim. Na sayar da tsohuwar wayata na cika kuɗi na sayi mai kyamara 108MP, amma wallahi abokina da tsohuwar iPhone ɗinsa hotonsa ya fi nawa fita. Ko dai jabu aka ba ni?

Amsa: Ba jabu ba ce ƙanina, kwantar da hankalinka. Lambar nan ta megafiksel da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ita ce ke ruɗar mutane, kuma ba girin-girin ba dai ta yi mai. Megafiksel yawan ɗige-ɗigen da ke cikin hoto ne kawai, ba kyansa ba. Kuma abin da masu shago ba sa tsayawa su faɗa maka shi ne, wayar taka ma ba 108 ɗin take ba ka ba a ɗaukan yau da kullum, ɗigo tara take haɗewa su zama ɗaya sai ta fitar maka da hoton 12MP, masu 50MP kuma huɗu-huɗu suke haɗewa su ba ka 12.5. Apple kuwa tun daga iPhone 6s a 2015 suka tsaya a kan 12MP ba su gusa ba sai a 2022 da iPhone 14 Pro ta zo da 48, duk tsawon shekarun nan kuma ba wanda ya ce hotonsu bai da kyau. Ka ga kenan kai da abokin naka a 12 ɗin kuka haɗu.

In wankewa za ka yi ma, ƙaramin hoton nan na saka wa a album mai inci 4 da 6, megafiksel biyu da ɗan ɗoriya ya ishe shi ya fito tas.

Yanzu ga abin da nake zargi, don na sha gani. Juya wayarka ka dubi idon kyamarar. Mu nan waya a aljihu ɗaya take kwana da goro da canji, an ci ƙuli-ƙuli an ɗaga kira, an shafa mai saboda hunturu an taɓa ta, sai maiƙo ya kwanta a gilashin, hoto ya riƙa fitowa kamar an ɗauka cikin hazo, fitila kuma ta yi wani dogon wutsiya. Ka sa gefen rigarka mai laushi ka goge kafin kowane ɗauka. Rannan wani dattijo ya kawo min waya wai kyamara ta lalace a canza masa, na goge da hular kaina na miƙa masa, ya ce nawa zai biya, na ce ya sa min albarka kawai.

Na biyu haske. Ka lura da abokin nan naka in zai ɗauka, ina kyautata zaton yana ɗan zagayawa ne kafin ya danna, ko da shi kansa bai san dalili ba. Kada ka tsayar da mutum rana na bayansa, fuskarsa za ta yi duhu, kada kuma ka ɗauke shi da tsakar rana a fili, hula za ta jefa masa inuwa a ido ya yamutse fuska. Kai shi inuwar darbejiya ko bakin zaure ya fuskanci waje, ko ka bari sai hantsi ko bayan la'asar sakaliya. Sannan ka taɓa fuskarsa a sikirin kafin ka danna, wayar za ta daidaita fokas, wato inda hoton zai fito tar, da haske a kan fuskar, wata 'yar alamar rana za ta fito a gefe, in farar shadda ta yi ƙyalli da yawa sai ka ja ta ƙasa kaɗan. Zum kuma ka rabu da shi, a yawancin wayoyinmu yanke hoton kawai yake yi ya buɗa shi, ka taka da ƙafarka ka matsa. Yi wannan sati guda ka dawo ka ba ni labari.

Tambaya: Ina kiwon raguna a wajen Maigatari, ina turawa dillalai a Kano hoto ta WhatsApp, sai su ce ragon ƙarami ne alhali in sun zo sun gani da ido sai su yi mamaki. Wace waya zan saya?

Amsa: Alhaji kada ka sayi komai, kuɗin ka ƙara dusa. Matsalar a tsaye kake ɗauka kana kallon ragon daga sama, duk abin da aka ɗauka daga sama kuwa ƙanƙancewa yake, kai ya yi girma ƙafafu su shige. Tsuguna har wayar ta zo daidai kafaɗarsa, ka ɗauke shi ta gefe gaba ɗayansa tun daga ƙaho har wutsiya, ka sa yaro ya tsaya kusa da shi riƙe da igiya don mai kallo ya samu abin kwatanta tsayi. Ka fitar da shi daga garke zuwa jikin katanga wadda ba tarkace, farin rago a jikin jar katangar ƙasa ba ƙaramin fita yake ba. Wajen turawa kuma WhatsApp matse hoto yake don ya rage cin data, amma tun 2023 sun sa wani maɓalli da aka rubuta HD a sama in ka zaɓi hoto, danna shi, ko ka tura a matsayin dokumen ya je yadda yake.

Tambaya: Yaya don Allah wace manhaja ce ta fi gyara hoto? An yi bikin ƙanwata a wani gari kusa da Gaya, hotunan kamu duk sun yi duhu sun yi dishi-dishi, mai hoton ya ce ba komai zai gyara a editin, da ya kawo sai ga amarya ta zama wata daban, Inna ta ce wannan ba 'yarta ba ce.

Amsa: Allah sarki, ƙanwata ki ba Inna haƙuri, kuma gaskiyarta ne. Ina jin Remini ko wata irinta aka sa. Irin waɗannan manhajojin ba dawo da fuskar da ta ɓace suke yi ba, ƙirƙirarren tunani ne na na'ura, wato AI, a cikinsu da aka horar da tarin fuskokin mutane, in ya ga dishi-dishi sai ya yi hasashe ya zana ido da hanci da haƙora yadda yake ganin ya kamata su kasance. Shi ya sa za ki ga an goge tsagar gado, an cike wushirya, fata ta yi sumul kamar roba, ga uwa uba farin da ake ƙara wa mutum har wuya da hannu su saɓa da fuska. Ni dai wannan farin na filta ban taɓa ganin kyansa ba, yarinya baƙa kyakkyawa a mayar da ita kamar an shafa mata alli. Abin dariyar ma kamfanin Transsion na China, masu Tecno da Infinix da itel, da gyara kyamara don ta fito da baƙar fata da kyau suka ci kasuwar Afirka, mu kuma mun zo muna kankare ta.

Editin kamar gishiri da magi ne, miyar da ta yi kyau yake ƙara wa daɗi, wadda ta ƙone kuwa ta ƙone. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya ɗaga shi, wanda ya karkace a miƙe shi, a yanke wani da ya leƙo ta gefe, Snapseed ta Google kyauta ce kuma ta isa duk wannan, Lightroom ta waya ma haka. Amma wanda hannu ya girgiza, ko fokas ya tafi kan labule ya bar amarya, ko farin mayafi ya ƙone fat ba zare ko ɗaya, babu abin da ke wurin balle a dawo da shi. Duk mai hoton da kika ji yana cewa a bari zai gyara a editin tun yana wurin taron, a lokacin ya kamata a ce masa a'a malam sake ɗauka.

Ni ma na taɓa cin wannan duka. Farkon shigata harkar na ari babbar kyamara don ɗaurin auren wani ɗan'uwanmu, ina ta taƙama da ita a wuya, ashe mai ita ya bar ta a saitin ɗaki mai duhu, ni kuma ban duba ba na yi ta harbawa a ƙofar masallaci da ƙarfe sha ɗaya na safe. Da na zauna dubawa duk manyan riguna sun zama farin takarda, kawunan mutane kawai ke yawo a sama. Hoton da aka wanke aka rataye a ɗakin ango daga ƙarshe, wani yaro ne ya ɗauka da ƙaramar Tecno daga inuwar bishiya. Har yau in an haɗu sai an tsokane ni.

Ki karɓo hotunan na asali wurin mai hoton kafin ya goge, waɗanda bai taɓa ba, ki zaɓi masu ɗan dama-dama a ɗaga haskensu kaɗan a bar fuskar yadda Allah ya yi ta. Na gaba kuma in ɗakin ba wuta a buɗe taga a zaunar da amarya tana fuskantarta, ko a kunna fitilar sola a haska farin bango hasken ya dawo mata, kada a dalle mata ido da tocilan.

Tambaya: Malam kullum kana cewa hannu ne hannu ne, to kenan masu sayen Canon asarar kuɗi suke? Ni ina son fara sana'ar hoto a Hadejia, har hawan sallah nake son ɗauka.

Amsa: A'a ban ce ba fa. Akwai inda waya ke tsayawa komai iyawarka, kuma ka ambaci ɗaya da bakinka. Doki a guje lokacin jafi, ga ƙura, ga ka can nesa bayan dogarai, wannan sai kyamarar da za ka iya sa mata saurin ɗauka kamar 1/1000 na daƙiƙa da dogon gilashi mai jawo nesa da gaske. Haka taron dare. Dalilin kuwa sensa ce, wato farantin da haske ke sauka a kai a cikin kyamara. Ta yawancin wayoyinmu ba ta kai farcen ɗan ƙaramin yatsa ba, ta tsohuwar Canon 600D kuwa wadda ta fito tun 2011 kusan milimita 22 ce da 15, ta ninka ta waya fiye da sau goma duk da 18MP ce kawai. Kamar taren ruwan sama ne, wani ya ajiye baho wani ya ajiye kofin shayi, in ana kwarara kowa zai samu, in yayyafi ne sai mai baho. Shi ya sa da rana waya ke gogayya da kyamara, da magariba ta yi kuma sai a ga bambanci.

To amma kayan suna buɗe maka ƙofa ne kawai, sanin inda za ka tsaya tun kafin sarki ya fito, da lokacin da mahayi zai ja linzami doki ya ɗaga, da yadda za ka sa tsohuwa mai jin kunyar kyamara ta saki fuska, wannan ba a sayar da shi a shago. Seydou Keïta na Mali ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, yawanci a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, ya rataya zani ko bargo a baya, galibi harbi ɗaya tak ga kowane mutum saboda fim kuɗi ne, yau hotunansa na rataye a manyan gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé da hotunan samari da 'yan mata a wuraren rawa na Bamako ya karɓi babbar lambar girmamawa a bikin baje kolin fasaha na Venice a Italiya a 2007. Wayar da ke hannunka ta fi kayan aikinsu sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba.

Shawarata in kuɗin sun taru, ka nemi kyamara ta hannu mai lafiya, irin 600D ɗin nan ko Nikon D3100, kada ka zuba kuɗinka duka a gangar jikin, ka ware na gilashi 50mm f/1.8, shi ne mai arha da ke shan haske sosai ya narkar da baya mutum ya fito shi kaɗai, na hawan sallah mai dogon zango ya biyo baya in sana'a ta kankama. Batir biyu dole ne, ka san halin wuta a wajenmu. Wurin saye ka cire gilashin ka ɗaga shi a haske ka duba ko akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, in akwai ka ajiye musu, ka sa a duba maka adadin harbin da ta yi a rayuwarta, memori kuma ka saya a wurin wanda ka yarda da shi don na jabu sun yi yawa, za ka ga an rubuta 64GB ya cinye maka hotunan biki guda. Lokacin hunturu kada ka kuskura ka canza gilashi a fili, shiga ɗaki ko mota, ƙura in ta sauka a kan sensa kowane hoto sai ka ga ɗigo a sararin sama a wuri ɗaya.

Kafin nan ka samu wani tsohon mai hoto a garinku ka riƙa riƙe masa jaka ranar biki ko da ba zai ba ka ko sisi ba, ka kuma riƙa zuwa kasuwa da wayarka kana ɗaukar masu kifi da masu tattasai, da izininsu fa, kada a fasa maka waya ka ce ni na aike ka.

Wanda ya turo tambaya a kan wayar da ke zafi in ana caji da sola, na gani, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu, ka turo min sunan wayar da irin cajar da kake sawa.