Kafin Ka Murɗa Makullin Tsohuwar Mota

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka ɗaura sabon batir ka yi wa Peugeot 504 ɗin nan kik, tunda mai ita tashi kawai yake so ta yi. Har ka ce in ta ƙi, a tara yaran gareji a tura ta. To, ja benci ka zauna.

Motar nan ta shekara da shekaru a ajiye, rana ta dake ta, damina ta jiƙa ta, ƙurar hunturu ta shige ko'ina. Baƙin man da ke jikin fistin ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, wataƙila tsatsa ta manne ringi da silinda. Ka tilasta mata da sitata, ko ka tura ta ka saki kuloci, sai ringi ya karye ya kankare silinda, aikin yini ɗaya ya koma sauke inji. Shi ya sa za ka fara cire filogi huɗun nan, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, ka bar ta ta kwana. Da safe ka sa giya a firi, ka kama notin fuli na gaban inji da sifana, ka juya da hannu. In ya zagaya sau biyu sumul, alhamdu lillahi. In ya cije, kada ka kuskura ka ƙara wa sifana bututu, ka kira ni. Ka kuma zaro ma'aunin baƙin mai. In ka ga ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, ba maganar tashi sai an gano ta inda ya bi.

Sai bayan an juye tsohon baƙin mai an zuba sabo za a zo kan makulli, nan kuwa kunne ne ke aiki. Ka ji ƙas sau ɗaya ta yi shiru? Duba kan batir da wayar da ta sauka jikin bodi, yawanci datti ne. Batir mai cikakken caji yana nuna volt 12.6 a mitar awon wuta. In kuwa inji na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, ɗayan uku ne ya ɓace: wuta, fetur, ko matsin silinda.

Fara da wuta, don nan tsofaffin motoci suka fi kwanciya. Buɗe murfin distiributa, mai raba wa filogi wuta, ka dubi kwantak, wato 'yan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa a ciki. Zama kaɗai yana sa bakinsa ya yi tsatsa. Goge shi, ka saita buɗewarsa a milimita 0.4. Ka jingina filogi da jikin inji a yi kik. Shuɗiyar wuta mai ƙara muke nema. In ja ce mai rauni, ka zargi kwandensa ko kwayil, ka kuma bi wayoyi da ido, don ɓera ba ya barin motar da aka ajiye. Jerin wutarta, wato yadda wuta ke bin silinda ɗaya bayan ɗaya, 1-3-4-2 ne, kuma ka riƙe wannan da kyau: a injin Peugeot silinda ta ɗaya tana ta wajen giyabos ne, ba ta wajen lagireto ba. Makanikai da yawa sun wahala a nan, suka ɗora wa mota laifin da ba nata ba.

Fetur ɗin tankinta ya mutu, warinsa ma zai gaya maka. Ya zama ƙaro, ga tsatsa da ruwa a ƙasa. Kada ka bari famfo ya zuƙo shi. Jona tiyo daga galan mai sabon fetur, ka ga ko famfon yana turawa. In za ka wanke kafireta, iska ake hura wa jet, ɗan ramin da fetur ke bi, ba a tsokane shi da waya, ramin faɗaɗa yake yi motar ta koma shan mai. Kuma ina roƙonka, kada in ga ka leƙa bakin kafireta ana kik. Tari ɗaya za ta yi wuta ta lashe maka fuska.

In wuta da fetur sun samu ta ƙi, sai mu auna matsi. Sau da yawa bawul ne ya maƙale a buɗe.

Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, ba za ka je ba sai mun san abin da ya mutu, kuma da tsohon kayan a hannunka za ka tafi don a gwada. Ba na son a kashe wa mai mota kuɗi a kan zato. Ina jin ciwon ganin irin waɗannan a hannun 'yan gwangwan ana farfasa su. Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, ta yi tasi, ta yi motar gwamnati, ta yi jigilar Kano zuwa Maiduguri, kuma har yau injinta bai fi ƙarfin sifana da sukudireba ba.

Idan Allah ya sa ta kama, kada ka taka totur. Idonka na kan fitilar baƙin mai. In ba ta mutu nan take ba, kashe inji. Ka bar ta ta ɗumama a silo kana duba yoyon ruwa da na fetur. Kuma ko mai ita ya matsa, ba za ta fita ƙofar gareji ba sai mun canza man birki mun duba robobinsa da tayoyi.