Filin Tambayi Bakanike: wane bak-aksil zan saka wa tsohuwar Ford?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina Jidda, na samu tsohuwar akori-kura Ford F-100 ta 1956 ina tada ta, na saka mata injin Chevy 350 da giyabos TH350, to bak-aksil ɗinta na asali, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya yana juya su, sai kuka yake yana yoyon mai. Abokai sun ce lallai sai bak-aksil ɗin Ford da ake kira 9-inch. Haka ne? Sani, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam Sani, Allah ya sa albarka a aikin. Abokanka ba su yi ƙarya ba, 9-inch ƙarfe ne na gaske, Ford ta yi shi daga 1957 zuwa 1986, kuma daɗinsa difrans ɗin, wato tarin giyar da ke tsakiyar aksil, gaba ɗaya ake zaro shi ta gaba ka ɗora a benci ka canza giya. Na F-100 daga 1957 zuwa 1972 ma kusoshin tayarsa 5x5.5 ne, wato kusoshi biyar a da'ira mai faɗin inci 5.5, irin naka. Amma ina za ka same shi a nan? Sai dai oda daga Amurka, kuɗin jigila kawai ya isa ya sa ka zufa, kuma 350 da ba a taɓa cikinsa ba wallahi bai kai ya buƙaci wannan ba.

Ni dai da ni ne, tashlih, wato inda ake sayar da kayan matattun motoci, zan nufa in nemi bak-aksil 8.8 na Ford Explorer 1995 zuwa 2001. Yana zuwa da birkin diski, shaftocinsa masu haƙori 31 ne, faɗinsa wajen inci 59 da rabi. Amma kar ka biya ko riyal ɗaya sai ka auna, ka tafi da tef ɗinka, daga fuskar da rim ke zama zuwa ɗaya fuskar, ka gwada da naka na gida, don inci ɗaya kacal ya isa taya ta riƙa gogar bodi. Kusoshinsa 5x4.5 ne, kenan sai ka canza rim na baya, difrans ɗin kuma ya ɗan karkata ɓangaren fasinja, furofela, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa difrans, na jure wannan in an saita daidai. Za su nuna maka na Crown Victoria tunda ta cika gari, shima 8.8 ne amma ya fi faɗi, a kula.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shine lambar giya, wato sau nawa furofela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. TH350 ba ta da obadiraib, wato giyar sama da ke rage juyin injin a doguwar tafiya, in ka ɗauko mai 3.73 da taya inci 28, a gudun kilomita 120 a awa a hanyar Madina injin zai riƙa juyi wajen 3,300 a minti, ga zafin Agusta ga shan fetur ga ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Da 3.00 zai sauko wajen 2,700. Explorer kuwa galibi 3.55, 3.73 ko 4.10 ne, lambar na jikin ɗan ƙarfen da ke maƙale a murfin difrans, to ko ka canza giyar ciki ko ka koma giyabos 700R4 mai obadiraib, da shi 3.73 ɗin ma sai ya dawo wajen 2,300.

Mazaunin sifirin dole a yanke a sake walda, ka ce wa mai walda ya ɗan ɗiga kawai tukuna, sai an sauke motar kan tayoyinta an saita kusurwar difrans da ta giyabos sannan ya ƙone shi, kaɗan-kaɗan, don zafi na lanƙwasa bututun. Ka buɗe murfin tun a tashlih ka duba mai, in ka ga garin ƙarfe na ƙyalli a ciki ka bar musu kayansu.